Ni Ce Na Ɗauko Buhun Dutsen

Zuwa ga ɗiyata Hauwa'u,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan kin wuce Anka lafiya, kin isa kwaleji lafiya, kin samu gado mai kyau da abokan zama masu tsoron Allah. Tun da motarku ta bar 'Yargalma bakina bai huta da addu'a ba, don kin san halin hanyoyinmu a wannan zamani. Allah ya tsare ki gaba da baya.

Kin ga na rubuta sunanki ƙarara a sama. Shekara goma sha tara ban taɓa kiransa da bakina ba, tunda ke ce ta fari. Sai dai in ce "ke" ko "yarinyar nan", mutanen gari su ce Kulu. Yau da na rubuta shi sai da na waiga ko wani na kallona. Ki yi haƙuri da rubutun, na 'yar firamaren Gummi ne, kuma rabona da riƙe biro mai tsawo haka tun kafin a haife ki.

Ba labarin gari zan ba ki ba. Maganarki da Babanki ce ta zaunar da ni. Ranar da za ki tafi ya miƙo hannu zai dafa kanki ya sa miki albarka, kika sunkuya kika ɗauki jaka, hannun ya tsaya a sama ba inda zai sauka. Na gani. Shekara huɗu ke nan kina gaishe shi kamar baƙon da ya sauka a zaure, kuma na san dalili. Kin ɗauka shi ne ya kawo dutsen zinari cikin gidanmu, dutsen da ya kashe ƙanenki Iro, ke ma ya kusa tafiya da ke. Ina da abin faɗa a kan haka, amma bari in biyo ta hanyar da ke da kanki kika buɗe mini ba tare da kin sani ba.

Kin tuna yammacin da nake tsinkar rama a gindin darbejiya, kina haddar Turancinki na jarrabawa? Na ce miki wannan surutu na mene ne, kika ce kalmomi ne na abin da mutum yake yi ba shiri. Kika yi ta fassara mini ɗaya bayan ɗaya. Kika ce akwai wadda ake faɗa idan abu ya fito daga zuciya da kansa, ba wanda ya roƙa, ba wanda ya tilasta. Akwai ta wanda zuciya take fizga ya aikata kafin ya ankara. Akwai ta mai ganganci, wanda ko a jikinsa abin da zai biyo baya. Akwai ta wanda aka ce tashi ka yi jawabi, ya miƙe ya yi ba tare da ya shirya ba. Har da ta wanda ya rasa kayan aiki ya lallaɓa da abin da ke hannunsa. Ba zan iya rubuta ko ɗaya ba, harshena ma ya ƙi su, kin sha dariya da na gwada. Na ce miki Turawa ba su da aikin yi. Amma wallahi a cikin raina mamaki ne ya cika ni. Mutane su zauna su rarrabe abin da ni duk rayuwata nake kira "haka kawai", su ba kowanne sunansa, wannan na yabo, wancan na zargi! Tun ranar nake ɗaukar abubuwan da na yi ina jujjuya su, ina neman inda kowanne zai faɗa.

Bari in fara da mai sauƙi. Ina amarya, ko wata uku ban yi a gidan nan ba, na je ganin gida Gummi ya dace da ranar kasuwa. Kakarki ta wajen uba ta ce in sayo mata tukunyar miya. Na shiga kasuwa na ga wata Bafillatana da agwagi biyu a kwando, ɗayar ta karkato kai ta dube ni, shi ke nan. Na dawo 'Yargalma da agwagi, babu tukunya. Kakarki ta riƙe haɓa ta ce, "Mi za mu yi da agwagi, mu da ba mu da tabki? Cikinsu za ni kaɗa miya?" Ni kaina ban san dalili ba. Babanki kuwa ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ɗauki fartanya ya haƙa musu ɗan rami a bayan rumbu ya zuba ruwa. Agwagin nan suka hayayyafa har maƙwabta suna zuwa neman ƙwai. To irin wannan kada ki ji tsoronsa. Idan kin ga abin da ya faranta miki rai kuma ba zai cuci kowa ba, ki yi abinki, ko da za a yi miki dariya. Sai dai ki lura da wanda ya tsaya ga dariyar da wanda ya tashi ya taimake ki, don a nan za ki san abokan zama.

Yanzu ga babban. Ki zauna idan a tsaye kike.

Shekarar da zinari ya buɗe, kina da shekara huɗu, Iro yana rarrafe yana koyon tsayuwa. Da rani maza duk suka koma haƙar dutse, Babanki ma ya bi su. Amma shi ba ya kawo dutsen gida. Can bayan gari yake fasa shi, kusa da inda aka kafa injin niƙa, ya wanke hannu da ƙafa kafin ya shigo. A lokacin gidaje da yawa an mayar da aikin cikin gida. Mata suna daka dutse a turmi, suna shanya garinsa a tsakar gida, ana ba su nasu rabo. Ina jin ƙarar taɓarya ta kowace katanga, ina ganin sababbin atamfofi a jikin sa'o'ina, ni kuwa ina zaune da tsohon zane.

Wata rana da azahar na kai masa fura can wurin aikin. Na same shi a rana tsaka, gumi ya jiƙa shi, ga buhu ɗaya cike da dutse a gefensa. Ban fito daga gida da wata niyya ba, Allah shi ne shaida. Ina ajiye ƙwaryar furar sai na ji bakina yana cewa, "Kawo in tahi da shi gida in daka maka."

Ya ce, "Aje shi, Hajara. Aikin ga ba na cikin gida ba na, ƙura gare shi."

Na ce, "Duk matan unguwa na daka, sai ni ka zaune ina kallo?"

Kafin ya haɗiye furar da ke bakinsa na naɗa gammo, na durƙusa, na ɗora buhun a kaina. Buhun da a wata rana sai mutum biyu sun kama mini, ranar ni kaɗai na ɗaga shi. Ya kira ni sau biyu, ban waiga ba. Ina tafe ina murmushi, ina ganin na yi abin kirki, na rage wa mijina wahala. Daga tunanin ya zo mini zuwa buhu ya hau kaina, ko tsawon karanta Fatiha ba a yi ba.

Na daka shi a turmin da nake surfen gero. Na shanya garin a kan tabarmar da Iro yake wasa a gefenta. Da Babanki ya ga har an soma, sai ya bar ni, buhu na biyu da na uku ma ni na je na ɗauko. Ba wanda ya san akwai dalma a cikin dutsen, ba mu taɓa jin cewa ƙura tana kisa ba. Wannan gaskiya ne, kuma na sha faɗa wa kaina shi. Amma mutumin ya ce mini in ajiye, na ƙi ji.

Agwagina ne suka fara mutuwa, ɗaya bayan ɗaya, na ce annobar kaji ce. Sai Iro ya daina cin abinci, ya yi ta amai, jikinsa ya soma sanƙarewa yana fizge-fizge. Muka ce iska ce, muka yi hayaƙi, muka ba shi rubutu ya sha. Kwana huɗu ya yi. Ba shi kaɗai ba, a wannan rani maƙabartar yara ta cika har aka ƙara mata wuri. Ba zan tsawaita a nan ba, hannuna ba zai iya ba.

Shawarata a kan wannan ita ce: ki ji tsoron gaggawar da take zuwa da kamannin alheri. Ta mugunta mutum yana gane ta, yana jin nauyinta. Wadda take ce miki taimako za ki yi, kowa ma yana yi, ke kaɗai aka bari a baya, ita ce ta ci ni. Idan wanda ya fi ki sanin aiki ya ce ki dakata, ki dakata ko da na numfashi uku ne, ki tambaye shi dalili. A kwaleji za ki ga abin da kowa yake yi, za ki ji kamar ke ce baƙauyiya. Ki tuna ni ma abin da kowa yake yi na yi.

Amma kada ki ce daga yau ba za ki ƙara motsi ba sai kin auna, don saura ki ji sauran. Ba a daɗe da binne Iro ba, ina tankaɗe da hantsi, na ga kin faɗi a bakin randa, idonki ya juye, jikinki yana irin fizgar da na riga na sani. Babanki ba ya gida. Kakarki ta ce a kira mai magani. Ban san lokacin da na saɓa ki a kafaɗa ba. Na fita ba mayafi, ba takalmi, ban nemi izinin kowa ba, ni da ko ƙofar zaure ba na leƙawa sai an sani. Ina gudu ban san inda na nufa ba. Sai ga Madam Rifkatu a kan babur, ma'aikaciyar lafiyar nan 'yar kudancin Kaduna da take zagayen rigakafi a ƙauyukanmu. Ta nufi wani gari ne dabam da akwatin allurarta. Ta dube ni, ta dube ki, ba ta tambaye ni komai ba. Ta juya kan babur ta ce, "Hau, Maman Kulu, hau! Riƙe ta da kyau." Ba ta tsaya ba sai Bukkuyum, inda likitocin da suka zo daga waje suka fara karɓar yara. Ɗaya daga cikin masu fassara ya ce mini da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban.

Ƙafafun da suka ɗauko buhu su ne suka yi gudu da ke. Zuciyar da ba ta tsaya ta yi shawara ba a ranar farko, ita ce ba ta tsaya ba a rana ta biyu. Ɗaya ta kai ni maƙabarta, ɗaya ta bar mini ke. Kuma wa ya fito da matar nan ta wannan hanya a daidai wannan lokaci, ita da ba addininmu ɗaya ba, ba garinmu ɗaya ba? Na yi tunani har na gaji, abin ya fi ƙarfin kaina, sai dai in ce tsarki ya tabbata ga Allah. Abin da na iya tsinta kawai shi ne: idan rai ne a gabanki yana neman ceto, kada ki tsaya neman mayafi. Idan kuwa riba ce ko burgewa, ba inda za su gudu, ki bari su kwana.

Muna asibiti aka zo kankare gidaje. Da muka dawo na tarar an kwashe ƙasar tsakar gidanmu gaba ɗaya, an zuba sabuwa ja, an tafi da turmina da tabarmina. Na tsaya ina kallon gidan kamar ba nawa ba. Abin da ido ba ya gani, a ce sai an ɗauke ƙasar gari kafin a rabu da shi! A ranar ne dangi suka taru yi mana barka da jaje a haɗe. Kakarki, wadda Iro ya fi kowa shiga ranta, tana zaune a tsakiyar mutane, ta buga sanda a ƙasa ta ce, "Ni dai a hwaɗa min. Wa yak kawo dutsin ga gidan ga?"

Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Kafin sauti ya fito na ji muryar Babanki daga bakin zaure.

"Ni na, Inna. Ni nik kawo shi."

Ko dubana bai yi ba. Ba mu taɓa shirya wannan magana ba, bai san za a yi tambayar ba. Ta fito masa ne kamar yadda atishawa take fitowa. Mahaifiyarsa ta yi masa faɗan da ban taɓa jin an yi wa babban mutum ba, a gaban ƙannensa, ya sunkuyar da kai ya shanye. Da mutane suka watse na same shi a bayan rumbu ina kuka, na ce don me. Ya ce, "Kak ki hwaɗa ma kowa. Kin rasa ɗa, ba ni bari ki rasa gida. Kuma yarinyar ga tana buƙatar uwar da za ta kalla ba ta ji komi ba." Daga ranar bai sake taɓa dutsen zinari ba, ya koma gonarsa.

Ki duba cikin kalmomin Turawanki ki gani ko akwai wadda ta isa ta ɗauki wannan. Ni dai na zauna da mutumin nan shekara ashirin da ɗoriya, na san minsharinsa, na san yadda yake ɓata rai idan miya ta yi gishiri, amma har yau ban gane daga ina wannan magana ta fito masa ba. Na yarda cewa abin da mutum yake yi ba shiri, shi ne abin da ya daɗe yana tarawa a cikinsa. Ni kwaɗayin atamfa na tara, shi kuma kin ji abin da ya tara. Saboda haka ki kula da abin da kike zubawa a zuciyarki kullum, don ranar da abu zai taso ba za ta ba ki lokacin zaɓe ba.

Akwai wani kuskuren da ke ma kin san shi, sai dai ba ki san nauyinsa ba. Dalmar ta bar miki nauyin karatu. Da kika maimaita aji uku karo na biyu, kika zo da takarda kina kuka, na ce miki, "Ke dai kanki dutse ne." Ina rufe baki na ji kamar in haɗiye harshena. Ni da na daka dutsen, ni ce nake faɗa miki haka! Ba ki ƙara nuna mini takardarki ba sai bayan shekara biyu. Babanki ne ya riƙa ɗora ki a keke yana kai ki wurin malamar da take yi miki ƙarin darasi, ya zauna a waje yana gyangyaɗi har ki gama, shi da bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Yau ga shi yarinyar da aka ce ba za ta iya ba tana fassara wa uwarta Turanci, za ta zama malama. Ikon Allah ya wuce misali. Idan kin tsaya a gaban aji, wani yaro ya ƙi ganewa har ranki ya ɓaci, ki cije leɓe. Ba ki san abin da aka daka a gidansu ba. Ki yafe mini wannan kalma.

Kuskurena na ƙarshe ba na gaggawa ba ne, kuma ina ganin ya fi sauran muni. Ranar da kika dawo daga sakandare an yi muku bayanin gubar dalma, kika tambayi Kakarki wa ya kawo dutsen, ta ce ubanki, ina ɗaki ina jin ku. Da na fito a take na faɗi gaskiya da an wuce wurin. Sai na ce bari in yi tunani. Na ce bari ki gama jarrabawa. Na ce bari azumi ya wuce. Na ce ai shi ya hana ni. Shekara huɗu ina tunani, ina kallon ki kina ajiye masa abinci ba ki ɗago ido ba, ina kallon shi yana cewa "Allah shi yi albarka" ga bayanki. Na sha roƙonsa ya bar ni in faɗa, sai ya ce, "Bar ta, ƙuruciya ta." Gaskiyar magana, tsoro nake ji kada ki dube ni da idon da kike dubansa. Ni da na ɗaga buhu cikin ƙiftawar ido, na kasa ɗaga harshena. Dogon tunani ma yakan zama maɓoyar matsoraci, ki kiyaye shi kamar yadda za ki kiyayi gaggawa.

Bai san ina rubuta wannan ba. Na saɓa masa karo na biyu ke nan, kuma wannan karon na auna kafin in yi. Zan ba matar Liman ta kawo miki, tunda za ta bi ta wajenku. Idan kin karanta kika ji ba kya son ganina, na ɗauka, hakkinki ne, ki ɗauki duk lokacin da kike so. Amma shi kada ki ƙara masa ko kwana ɗaya. Kada ki tsara abin da za ki ce, kada ki jira ki huce, kada ki ce sai kin zo hutu. Ki ɗauki waya kawai, ki ce "Baba", sauran zai zo da kansa.

Ki kira shi bayan la'asar. Kin san a cikin gida ba a samun sabis, sai a kan tudun nan na gefen gonarmu. Tun ranar da kika tafi, kullum yana idar da sallah sai ya sa wayar a aljihu ya nufi can, ba ya dawowa sai an kusa kiran magariba. Na tambaye shi me yake yi, ya ce gero yake dubawa. An gama yankan geron tun makon jiya, Hauwa'u, ba abin da ya rage a gonar sai kara.

Allah ya tsare ki a zaune da tafe, ya kare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya buɗe miki karatu, ya dawo mana da ke lafiya. Allah ya jiƙan Iro. Allah ya saka wa mahaifinki da abin da ni ba zan iya saka masa ba.

Wassalamu alaikum.

Innarki,
Hajara